Darasi na 9: Rayuwa Bayan Barin Giya da Rawar Ƙungiyoyin Taimakon Kai da Kai

Abin da za a koya

A ƙarshen wannan darasi, ɗalibi zai iya bambance shan giya da kamuwa da jarabarta, ya bayyana yadda ƙungiyoyin mashaya masu taimakon juna suka samo asali da yadda suke zamansu, ya kawo abin da bincike ya tabbatar game da amfaninsu, ya kuma san inda aikinsu ya tsaya na likita ya fara.

Jarabar da abin da take ci

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, wato kusan mutuwa 5 cikin kowace 100 da aka yi a duniya a wannan shekara. Mutum miliyan 400 ne ke fama da matsalar sha, miliyan 209 daga cikinsu kuma sun kai matakin kamuwa.

Wanda ya kamu ana gane shi da wasu alamomi. Yakan yi niyyar shan kwalba ɗaya ya ƙare da shida. Abin da ke bugar da shi bara, bana ko gezau. In ya wayi gari bai sha ba, sai hannu ya kama rawa, gumi ya karyo masa, zuciya ta riƙa tashi. Yana ganin hantarsa na lalacewa, albashi na ƙarewa kafin tsakiyar wata, matarsa ta yi yaji sau biyu, amma bai fasa ba. Ya sha yin rantsuwa ya bari, ya sha komawa ruwa.

Asibiti na iya raba jikin irin wannan mutum da giya cikin mako ɗaya zuwa biyu. Babban aikin yana farawa ne ranar da aka sallame shi. Zai koma gida ya tarar da bashi na jiransa, iyali sun daina yarda da alkawarinsa, abokan da ya sani duk na sha ne. Ga kuma yammaci, daga la'asar zuwa tsakar dare, lokacin da ya saba cikewa da kwalba, yanzu ba shi da abin yi a ciki. A wannan giɓi ne mafi yawan masu komawa ruwa suke faɗawa, kuma shi ne giɓin da ƙungiyoyin taimakon kai da kai suka taso don cikewa.

Haɗuwar Akron

A watan Mayu na 1935 wani ɗan kasuwar hannun jari daga birnin Niyok mai suna Bill Wilson ya je garin Akron da ke jihar Ohayo a Amurka domin wata harka, harkar kuma ta rushe. A lokacin watansa biyar ke nan rabonsa da giya, bayan an sha kwantar da shi a asibiti saboda ita. Yana kai da komo a zauren otal ɗin Mayflower, aljihu ba nauyi, rai a ɓace, ga hayaniyar masu sha tana fitowa daga ɓangaren giya na otal ɗin. Ya san in ya shiga, ya tafi ke nan.

Wilson yana da wani darasi da ya koya a watannin baya. Ya yi ta bin mashayan Niyok yana ƙoƙarin raba su da kwalba, bai yi nasara a kan ko mutum ɗaya ba. Matarsa Lois ce ta nuna masa cewa akwai wanda ya tsira a wannan fafutuka, wato shi kansa, domin tun da ya fara bin wasu bai sake sha ba. Likitansa William Silkworth kuma ya ba shi shawara ya rage wa'azi, ya riƙa fara magana da ciwon da abin da ya yi masa. Saboda haka maimakon ya nufi wurin sha, sai ya nufi wayar tarho, ya duba jerin sunayen limaman coci da ke manne a bango, ya yi ta kira yana neman a haɗa shi da wani mashayi. Kiran ya kai shi ga wata mata, Henrietta Seiberling, ita kuma ta haɗa shi da wani likitan fiɗa, Dokta Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa.

Smith ya amince ya ba baƙon minti 15 kawai. Sai da suka shafe kusan awa shida suna magana. Daga baya likitan ya bayyana cewa abin da ya kama shi shi ne wannan ne karo na farko da ya zauna da wanda ya san ciwon daga ciki, ba daga littafi ba. Wilson bai zo ya cece shi ba. Ya faɗa masa a fili cewa shi ne mai buƙatar a saurare shi don kada ya sha.

Ba nan take aka dace ba. Bayan 'yan makonni Smith ya tafi taron likitoci ya dawo a buge. Da safiyar ranar da zai yi wata fiɗa, Wilson da kansa ya miƙa masa kwalbar giya ɗaya don hannunsa ya daina rawa. Ita ce ta ƙarshe da ya sha har rasuwarsa a 1950. Ranar 10 ga Yuni, 1935 ce ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA, take ƙirgawa a matsayin ranar kafuwarta.

A 1939 mambobi sun kai kimanin 100, suka wallafa littafin da ya ƙunshi matakai 12 na tsarinsu. A watan Maris na 1941 wani ɗan jarida, Jack Alexander, ya rubuta labarinsu a mujallar Saturday Evening Post, kafin shekarar ta ƙare adadinsu ya tashi daga 2,000 zuwa 8,000. Yau ana ƙiyasta mambobin AA da kusan miliyan 2 a ƙasashe kimanin 180.

Yadda ake zama

Wanda ya leƙa zaman AA zai yi mamakin rashin ƙawarsa. Ɗaki ne na aro ko na haya mai araha, a ginin coci, makaranta ko asibiti. Kujeru, butar shayi ko kofi, da mutum goma zuwa talatin. Zaman yakan ɗauki awa ɗaya. Babu likita a kan gaba, babu malami, babu rajista, babu kuɗin shiga. Mai jan zaman mashayi ne kamar kowa, kuma bayan wani lokaci wani ne zai karɓe shi.

Mai magana yakan faɗi sunansa na farko kawai, ya amsa da bakinsa cewa shi mashayi ne, sannan ya ba da labarin kansa: yadda yake a da, abin da ya faru, da yadda yake yanzu. A yawancin zama ba a katse mutum, ba a yi masa gyara, ba a ba shi shawarar da bai nema ba. Kowa kansa yake magana a kai. Wanda bai shirya buɗe baki ba yana iya zuwa ya saurara ya tafi, babu mai tuhumarsa. Abin da aka ji a ɗakin kuma a nan ake barinsa.

Matakan 12 sun fara ne da mutum ya yarda giya ta fi ƙarfinsa. Daga nan ya miƙa lamarinsa ga Allah gwargwadon fahimtarsa, ya zauna ya yi wa kansa hisabi a rubuce, ya faɗa wa wani amintacce laifuffukansa, ya lissafa waɗanda ya cuta, ya je ya gyara abin da zai gyaru muddin zuwan ba zai jawo wata cutar ba. Mataki na ƙarshe shi ne ya kai wa wani mashayi abin da ya samu. Sabon shiga yakan zaɓi jagora daga cikin waɗanda suka daɗe, mutumin da zai iya kira ko da ƙarfe biyun dare ne idan ƙishirwar ta taso.

Akwai dabarun yau da kullum da mambobi ke gadar wa juna. Ba a ce wa sabon shiga ya yi alkawarin bari har abada, domin ya sha yin irinsa ya karya. Alkawarin na yau ne kaɗai, awa 24, gobe kuma a sabunta. Ana jan kunnensa kan abubuwa huɗu da ke buɗe wa kwalba ƙofa: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. A wurare da yawa ana ba shi shawarar ya halarci zama 90 a kwana 90 na farko. Idan ya cika wata ɗaya, wata uku ko shekara, ana miƙa masa wata 'yar lamba mai kama da tsaba a gaban jama'a, a tafa masa.

Ita ma ƙungiyar tana da dokokin tsare kanta, waɗanda aka amince da su a babban taron Kilibland na 1950. Sharaɗin zama mamba ɗaya ne, son daina sha. Ba ta karɓar gudummawa daga waje, abin da mambobi suka jefa a kwando da shi ake biyan haya da sayen sukari. Ba ta shiga siyasa, ba ta goyon bayan wani asibiti ko kamfani. Tarihi ne ya koya mata haka. A 1840 wasu mashaya shida a birnin Baltimo sun kafa irin wannan tafiya da aka sani da Washingtonians, ta tara dubban ɗaruruwan mutane, amma cikin 'yan shekaru ta watse bayan rigingimun siyasa da na addini da neman suna sun shige ta. Su ma masu AA sun taɓa neman kuɗi mai yawa wurin attajiri John D. Rockefeller ƙarami. Ya ba da dala 5,000 kawai, saboda tsoron kada kuɗi su ɓata abin.

Abin da bincike ya gano

An daɗe masana na ɗari-ɗari da waɗannan ƙungiyoyi, kuma suna da hujja. Idan aka ga masu zuwa zama sun fi daina sha, mai yiwuwa ne dama masu himma ne ke zuwa, kuma da sun daina ko babu ƙungiyar. Hanyar warware wannan ita ce a raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, wasu a bi da su ta tsarin da ke sada su da AA, wasu ta wani tsarin, a ga abin da zai biyo baya.

An yi irin wannan gwaji sau da yawa. Mafi shahara shi ne Project MATCH a Amurka, mai mutum 1,726, wanda sakamakonsa ya fara fitowa a 1997. A 2020 kuma John Kelly na Jami'ar Habad, da Keith Humphreys na Jami'ar Stanfod, da Marica Ferri suka tattara bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565 a ƙarƙashin cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken lafiya. Sun gano cewa tsararren shiri na sada mara lafiya da AA ya fi sauran hanyoyin ba da shawara da aka gwada wajen kai mutum ga barin giya ɗungurungum. Bayan shekara ɗaya, kimanin kashi 42 cikin 100 ba su sake sha ba, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 35. Wajen rage yawan sha da rage ɓarnar da yake jawowa, hanyoyin sun yi kusan kunnen doki. An kuma ga raguwar kuɗin da ake kashewa a asibiti.

Ya kamata ɗalibi ya karanta wannan adadi ta fuska biyu. Kashi 42 nasara ce babba a ciwo mai taurin kai irin wannan, musamman da yake zaman kyauta ne. Amma kuma yana nufin fiye da rabi sun sake sha cikin shekarar. Komawa ruwa abu ne da ake sa ran zai iya faruwa, shi ya sa ƙofar ɗakin take a buɗe ga wanda ya zame ya dawo.

Daɗewa ma tana da tasiri. Rudolf Moos da Bernice Moos sun bi sawun ɗaruruwan masu matsalar sha har shekara 16. Waɗanda suka lizimci zama na mako 27 ko fiye a shekarar farko sun fi waɗanda ba su je ba zama lafiya har ƙarshen wannan dogon lokaci.

Ina sirrin yake?

Da masu bincike suka shiga tono dalilin wannan amfani, abin da ya fi fitowa fili shi ne sauyin abokan zama. Hausawa sun riga sun faɗa cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mutumin da duk majalisarsa ta masu sha ce, ko ya yi niyya mai ƙarfi, kullum yana cikin jarrabawa. Ƙungiya tana ba shi wata majalisar a daidai lokacin da ya saba zuwa waccan, da mutanen da za su neme shi in ba su gan shi ba. A Project MATCH an lura cewa waɗanda suka fi cin moriyar sada su da AA bayan shekara uku su ne waɗanda tun farko 'yan sha suka kewaye su.

Na biyu shi ne ƙarfin gwiwa. Likita zai iya cewa ana warkewa, amma ganin mutumin da ya taɓa kwana a kwata yau yana da shekara goma ba sha, da aikinsa da iyalinsa, hujja ce ta daban. A wurinsa ake koyon abubuwan da ba a rubuta a takardar magani: me za a ce wa tsohon aboki in ya miƙo kofi, wace hanya za a bi zuwa gida don kauce wa gidan giya, yaya za a yi da ranar albashi. Wani nazari na Kelly da Bettina Hoeppner ya nuna cewa maza sun fi amfana ta wajen sauya abokai da iya tsayawa a wuraren da ake sha, mata kuma abin da ya fi tasiri a kansu shi ne iya jure ɓacin rai da damuwa ba tare da neman kwalba ba.

Na uku shi ne wanda Wilson ya gano a zauren otal: mai taimako yana taimakon kansa. Masanin zamantakewa Frank Riessman ya rubuta a kan wannan ƙa'ida tun 1965. A 2004 Maria Pagano da abokan aikinta suka auna ta da bayanan Project MATCH, suka ga cewa kashi 40 cikin 100 na waɗanda ke taimakon wasu mashaya sun cika shekara ba su sha ba, alhali a cikin marasa taimakon kashi 22 ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mashayi ya shafe shekaru shi ne matsalar gida, shi ake ɓoyewa in an yi baƙi, shi ake ɗaukowa daga bakin titi. Ranar da aka damƙa masa mabuɗin ɗakin zama, ko wani sabon shiga ya kira shi cikin dare yana neman agaji, ranar ce ya fara jin yana da amfani. Mummunan tarihin da yake jin kunyarsa ya zama abin da yake ceton wani da shi.

Jin daɗi ba ya zuwa da wuri

Mutane da yawa suna zaton da zarar an ajiye kwalba sai walwala. Ba haka abin yake ba, kuma rashin sanin wannan yana mayar da mutane ruwa. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan waɗanda suka rabu da matsalar giya ko ƙwaya, wanda Kelly da abokan aikinsa suka wallafa a 2018, ya nuna cewa farin ciki da ganin ƙimar kai sukan yi ƙasa a watannin farko. Barci yakan rikice. Abubuwan da giya ta lulluɓe, na bashi da na zumuncin da aka ɓata, duk sukan bayyana a lokaci guda. Daga baya ne al'amura ke miƙewa, su yi ta hawa da sauri a shekaru biyar zuwa shida na farko, sannan su ci gaba a hankali. Kafin jin daɗin rayuwa ya kamo na sauran jama'a, a matsakaici, sai an doshi shekara 15.

A nan ne ƙimar ƙungiya ta fi bayyana. Shirin asibiti yana da ranar ƙarewa, ƙungiya ba ta da ita. Wanda ke cikin ƙuncin wata na uku zai ji daga bakin wanda ya wuce wurin cewa ƙuncin na hanya ne, ba alamar ya yi kuskure ba. Bincike ya kuma nuna cewa yawan halartar zama yana tafiya tare da raguwar alamomin ciwon damuwa.

Iyali ma suna buƙatar nasu wurin. A 1951 Lois Wilson da wata ƙawarta suka kafa Al-Anon domin mata, maza da dangin mashaya, a 1957 kuma aka samu Alateen ta matasan da suka tashi a gidan da ake sha. Abin da ake koya a can shi ne cewa ba su suka jawo ciwon ba, ba kuma za su iya warkar da shi da faɗa ko da rufa-rufa ba, amma suna da haƙƙin kula da lafiyar kansu.

Inda ƙungiya ta tsaya

Ƙungiya ba asibiti ba ce. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, yanke giya farat ɗaya na iya kashe shi. Jijjiga irin ta farfaɗiya na iya zuwa cikin kwana biyun farko, daga kwana na biyu zuwa na uku kuma wasu sukan shiga ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi. Irin wannan mutum a gaban likita ya kamata ya daina. Akwai kuma magungunan da ke taimakawa wajen hana komawa, kamar naltrexone da acamprosate, kuma suna tafiya tare da zaman ƙungiya ba tare da karo ba. Idan wani mamba ya ce wa mai ciwon damuwa ko taɓin hankali ya zubar da maganinsa, ya wuce gona da iri, ita kanta AA ta gargaɗi mambobinta kada su mayar da kansu likitoci.

Mutane da yawa sukan zo sau ɗaya ko biyu su ɗauke ƙafa. Wasu maganar addinin ce ba ta yi musu ba, har kotuna da dama a Amurka suka yanke hukuncin cewa hukuma ba ta da ikon tilasta wa mutum halartar AA ba tare da ba shi zaɓi ba. An kuma samu ƙorafin mata kan wasu tsofaffin mambobi da ke fakewa da taimako suna neman su, abin da ya sa ake ware zaman mata zalla, ake kuma son jagoran mace ya zama mace. Sannan ba kowa ne sai ta ƙungiya yake bari ba. Wani binciken Amurka da aka wallafa a 2017 ya nuna kusan rabin waɗanda suka rabu da matsalar sun yi hakan ba tare da wani taimako na musamman ba.

Kowace ƙasa da salonta

Tsarin Akron ba shi kaɗai ba ne. A Japan akwai Danshukai, wadda ta kafu a yankin Kochi a 1958 ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1963. A can ba a sakaya suna, ba a jingina da addini, kuma matan mashaya da iyayensu suna zama tare da su. A birnin Zagreb na Kuroshiya, likitan ƙwaƙwalwa Vladimir Hudolin ya fara wasu ƙananan ƙungiyoyi a 1964 inda iyalai kaɗan, da ba su wuce 12 ba, ke haɗuwa duk mako, saboda a ganinsa matsalar ta gida ce gaba ɗaya. Tsarin ya shiga Italiya a 1979 ya bazu sosai. A Amurka akwai Women for Sobriety ta mata zalla tun tsakiyar shekarun 1970, da SMART Recovery da aka kafa a 1994 bisa dabarun ilimin halayyar ɗan Adam. Wani nazari da Sarah Zemore ta jagoranta a 2018 ya nuna cewa ga masu niyyar bari gaba ɗaya, waɗannan hanyoyi suna ba da sakamako mai kama da na AA.

Musulmi ma ba a bar su a baya ba. A 1989 wasu Musulmin Baltimo suka kafa Millati Islami, suka daidaita matakan da tauhidi, tuba da salla. A Iran kuwa, ƙungiyar Narcotics Anonymous ta masu barin ƙwaya, wadda ta ɗauko tsarinta daga AA, tana gudanar da dubban zama a kowane mako.

Mu a nan fa?

A yawancin ƙasar Hausa giya haram ce a addini, abin kunya ce a al'ada, a jihohi da dama kuma laifi ce a doka. Wannan ya tsare mutane da yawa daga fara sha. Amma wanda ya riga ya kamu, da burkutu ne ko ogogoro ko 'yar leda, yakan shiga tsaka mai wuya, domin neman taimako yana nufin tona asirin kansa. Iyali sukan ɓoye har sai hanta ta kumbura. Wasu don neman mafita sukan kai nasu gidajen mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani irin wannan gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai kuma na Dawanau a Kano, amma likitocin wannan fanni a duk Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Ba za su iya bin kowane mara lafiya gida ba. Abin da ƙungiya ke buƙata kuwa kaɗan ne: mutum biyu ko uku da suka bari, ɗaki, lokaci tsayayye, da riƙon amana. Hausawa ba baƙi ba ne a harkar taimakon kai da kai, daga gayya zuwa adashi zuwa ƙungiyoyin unguwa. Sabon abu a nan shi ne rufin asiri mai tsanani, domin in magana ɗaya ta fita daga ɗakin, babu wanda zai sake zuwa.

Limamai da fastoci da masu unguwa suna da rawar takawa, ta ba da ɗaki da kuma sassauta harshe. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa ana hukunta shi saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Haramcin yana nan, hukuncin yana nan, amma ba a kori mutumin daga cikin jama'a ba. Ma'aikacin lafiya da ke sallamar mara lafiya kuma zai iya haɗa shi tun kafin ya fita da wani da ya riga shi bari, domin gwaje-gwaje sun nuna cewa sadarwa ta kai tsaye ta fi a ce wa mutum kawai ya je ya nemi ƙungiya.

Tambayoyi

1. Kawo alamomi huɗu da ke nuna mutum ya kamu da jarabar giya.
2. Me ya sa Bill Wilson ya nemi wani mashayi a Akron, kuma me ya bambanta maganarsa da wadda Dokta Smith ya saba ji?
3. Bayyana dokoki uku da AA ke tsare kanta da su, da dalilin kowace.
4. Mene ne sakamakon nazarin Cochrane na 2020? Me kashi 42 cikin 100 ke nunawa, me kuma ba ya nunawa?
5. Me ya sa yake da haɗari wanda ya daɗe yana sha ya yanke giya shi kaɗai a gida?
6. Kwatanta Danshukai ta Japan da AA. Wanne tsari kake ganin zai fi karɓuwa a garinku, kuma don me?

Aikin rukuni

Ku kasu mutum biyar-biyar. Ku ɗauka an sallami wani magidanci daga asibiti bayan ya daina sha, yau kwanansa goma a gida. Ku tsara masa yadda zai cike lokacinsa daga la'asar zuwa bayan isha'i har mako guda: inda zai je, wanda zai zauna da shi, wanda zai kira in ƙishirwar ta taso, da ƙaramin aikin da za a damƙa masa. Kada a ambaci sunan kowane mutum na gaske. Kowane rukuni zai karanta nasa tsarin a zama na gaba.